Yadda za ki koya wa yaranki kyauta da sadaka a lokacin sallah

Wata sallah da ta wuce, lokacin yarona na tsakiya yana shekara huɗu, mun yi baƙi da yaransu, shi kuma yana riƙe da wata 'yar motar roba da kawunsa ya sayo masa, ɗan baƙin ya sa kuka shi ma sai an ba shi, ni kuma kunyar mutane ta kama ni sai kawai na fizge motar na miƙa wa yaron har da cewa kai dai marowaci ne wallahi. Ya yi kuka har ya gaji ya yi barci. To abin da ya biyo baya ne ya fi tsaya min a rai, tun daga ranar komai aka ba shi ko alewa ce sai ya ruga ɗaki ya cusa ƙarƙashin katifa, da ya ji sallama a ƙofar gida ya hau ɓoye kayansa kenan. Ni da nake son ya iya kyauta, ashe rowa na koya masa da hannuna.

Shi ya sa nake son mu fara daga nan kafin ma mu shiga maganar sallah. Abin da aka ƙwace a hannun yaro aka ba wani ba shi ya bayar ba, ke kika bayar, shi abin da ya sani kawai an raba shi da kayansa. Yaro ɗan shekara biyu zuwa uku da yake ta nawa ne nawa ne ba mugun hali ba ne, lokacin ne ma yake fara gane akwai abin da yake nasa, kuma sai ya san abu nasa ne sannan zai iya ɗauka ya ba wani. Irin waɗannan kar ki dame su da dogon wa'azi, in mai bara ya yi sallama ki ɗora abincin ko kuɗin a hannunsa ki riƙo shi ku je tare ya miƙa, ya ji an ce masa Allah Ya yi albarka, ya ga fuskar mutumin ta saki, ya isa. In kuma kin san za a yi baƙi masu yara, tun da safe ki tambaye shi wanne za mu ajiye a ɗaki, wanne za ku yi wasa da shi tare? Wanda ya ce a ɓoye ki ɓoye masa da gaske, wanda ya bari a waje kin ga shi ya zaɓa da bakinsa. Kalmar marowaci kuma don Allah a daina liƙa wa yara, sunan da aka yi ta kiran yaro da shi wata rana sai ya amsa.

Asalin aikin tun cikin azumi yake farawa ba ranar idi ba. Da la'asar in ana zuba kunu da ƙosai na masallaci ko na maƙwabta kar ki kore su, ki ba kowa aiki daidai ƙarfinsa, ƙarami ya ƙirga dabino uku-uku yana sawa a leda, mai shekara shida ko bakwai ya ɗauki ledar ya bi babansa masallaci ya miƙa wa masu buɗa baki da hannunsa. Kunu mai zafi dai babba ne zai ɗauka. A nan nake faɗa musu hadisin da Annabi (SAW) ya ce mu kare kanmu daga wuta ko da da tsagin dabino ne, yara suna saurin kama shi don dabinon yana hannunsu suna kallo, 'yata har tsaga ɗaya ta yi biyu tana tambayata wai ko wannan ma Allah zai karɓa, na ce mata zai karɓa mana.

Farkon azumin kuma ki sayo asusu, irin na ƙasa ɗin nan da sai an fasa, ki ajiye shi inda kowa ke gani, a ce wannan na sadakar sallah ne. Duk wanda ya samu canji ya jefa abin da ya ga dama, ke ma su riƙa ganin kina jefawa, babansu ma haka. Kar ki tsaya a kan yaro ki ce nawa ka saka, ko naira goma ya jefa ki ce madalla. Kwana uku ko huɗu kafin sallah a fasa a gabansu a ƙirga tare, sannan ki tambaye su me za mu saya kuma wa za mu ba? Za ki sha mamakin mutanen da yara ke lura da su, su ne suka san wane ɗan ajinsu na islamiyya takalminsa ya tsinke yana ɗaure shi da leda, su ne suka san gidan da yaransu ba sa fitowa wasa ranar sallah.

Amma darasin da ya fi kowanne shiga kan yaro a wurina shi ne awon zakkar fidda kai, wadda wasu ke cewa zakkar kono. Gidaje da yawa maigida ne kawai zai auna da dare shi kaɗai ya ba wani ya kai, yara ba su ma san an fitar musu ba, alhali ita wannan zakkar a kan kowa take, namiji da mace, babba da yaro, har jaririn da ke goye. To iyaye maza wannan naku ne. A shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a jawo buhun abin da kuka fi ci a gidan, gero ne ko dawa ko masara ko shinkafa, a tara yaran su zauna. Kowane mutum ɗaya sa'i ɗaya ne, wato mudu huɗu da mudun Annabi (SAW), ba mudun kasuwa ba, in babu mudun a gida ai cikin tafin hannu biyu na matsakaicin mutum shi ne mudu ɗaya, sai a yi huɗu. Uban ya riƙa kiran suna, wannan na Ummanku ne, ɗaya, biyu, uku, huɗu, yaran suna tayawa da ƙirga, wannan na yayanku ne, har a zo kan auta. In an zo kan sunan yaro a ba shi mudun ya cika da kansa ya juye a ƙwarya, babba yana duba cikar don kar a tauye. In da tafin hannu ake yi kuma hannun babba ne ma'auni, na yaro ya yi ƙanƙanta, sai dai ya riƙe bakin buhun ko ledar.

Tabbas za su tambaya me ya sa. Amsar a taƙaice take, ita tsarki ce ga wanda ya yi azumi daga 'yan kurakuran da ya yi a ciki, kuma abinci ce ga marasa ƙarfi don su ma su ɗora tukunya ranar sallah kamar kowa. Shi ya sa ake fitar da ita kafin a tafi idi, kuma ya halatta a bayar tun saura kwana ɗaya ko biyu, ni na fi son haka ma in hatsi ne don mai karɓa ya samu damar kai niƙa, ka ba mutum tsabar masara da safiyar sallah yaushe zai surfa ya niƙa ya yi tuwo? Wajen kaiwa a tafi da yaro ɗaya ko biyu, ya ɗauki ƙaramar leda, a yi sallama a gaisa a mutunce a ajiye a fito, ba tsayawa ana ƙare wa gidan mutane kallo ba.

Sai maganar kaya. Kusan kowace uwa tana fitar da kwance kafin sallah, kuma abu ne mai kyau, sai dai a nan ne muke koya wa yara wani mugun abu ba mu sani ba, wato abin da ya mutu shi ake bayarwa. Riga ta yage a hammata, wando zif ya lalace, takalmi ƙafa ɗaya ta cinye, a tattara a ƙulle a ce a kai wa 'ya'yan wance. Yaro yana kallo fa, abin da zai ɗauka shi ne sadaka wata hanyar zubar da shara ce. Allah kuwa Ya ce a Suratu Ali Imrana aya ta 92 ba za mu kai ga alheri ba sai mun ciyar daga abin da muke so, a Baƙara aya ta 267 kuma Ya hana mu zaɓo mummuna mu bayar, wanda mu kanmu in an ba mu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido. To ki zauna da yaron ku buɗe akwatinsa tare, duk rigar da ya ɗago ki tambaye shi, in kai aka ba wannan ranar sallah za ka ji daɗi? In ya ce a'a a mayar da ita tsumma. In ya ce eh a wanke, a sa maɓallin da ya fita, a yi guga, shi ya ninke ya sa a leda mai kyau. Kuma a kai da wuri, kayan sallah da aka kai bayan sallah ya rage daraja. Wadda Allah Ya hore mata kuma in za a yanko wa yara yadi ko atamfa a ƙara na mutum ɗaya, maraya a dangi ko a layinku, a kai wa tela tare da nasu iri ɗaya, ba a saya wa naki shadda shi a saya masa mai araha ba.

Ranar sallah kanta aikin yara ne dama tun da can, su ake aika da tuwon sallah gida-gida, kuma ina jin takaicin yadda wasu unguwannin aka fara barin wannan, kowa ya kulle get ya ci nasa. Kar ki bari ya mutu a gidanki. Annabi (SAW) ya ce wa Abu Zarri in ya dafa romo ya yawaita ruwansa ya tuna da maƙwabtansa, kuma da Nana A'isha ta tambaye shi tana da maƙwabta biyu wa za ta fara ba kyauta, sai ya ce wanda ƙofarsa ta fi kusa da ita. Ki faɗa musu haka, ki sa su su ƙirgo gidajen da kansu daga na jikin katangarku, har da gidan da kuke 'yar tsama da matar, don in kika tsallake shi yaran sun gane dalili ko ba ki faɗa ba. In kuna da maƙwabta Kiristoci su ma a kai musu, a garuruwa irin su Kaduna da Jos an daɗe ana wannan, mu kai musu da sallah su kawo mana da Kirsimeti.

Kafin su fita ki koya musu abin da za su faɗa, ki sa su maimaita a gabanki: a yi sallama, a durƙusa a gaida mutan gidan, a ce Umma ta ce a gaishe ku, barka da sallah, ga wannan ba yawa. Shikenan. Ki zuba a kula ko langa mai murfi da ba zai zube musu a sabon kaya ba, ƙanana su tafi da babba, kar a aiki yarinya ita kaɗai, kar a aike su bayan magariba ko su tsallaka titi, ranar sallah 'yan babur ba sa ji ba sa gani. Wani abu kuma da za ki ja musu kunne a kai shi ne tukuici. Yaba kyauta tukuici gaskiya ne, in an ba su su karɓa da hannu biyu su yi godiya, amma ba a tsayawa a ƙofa ana jira, kuma ba a dawowa gida a ce gidan wance ba su ba mu komai ba. In yaro ya faɗi haka kar ki yi dariya, ki ce masa ai ba sayar musu muka yi ba.

Kuɗin barka da sallah kuma, iyaye mata mu ji tsoron Allah. Kawo in ajiye maka ɗin nan da ba ya dawowa, shi ke sa yaro ya fara ɓoye kuɗi a safa. In kin ce ajiya to ta zama ajiya, ki rubuta a gabansa. Da dare in sun dawo daga yawon sallah a zazzage aljihu a ƙirga, 'yan Murtala da hamsin-hamsin da ɗari-ɗari sababbi, ki nuna masa yadda zai kasa uku, na kashewa, na ajiya, na bayarwa, amma nawa zai sa a kason bayarwa ki bar masa. Ko ashirin ya cire cikin dubu biyu kar ki ce haba ɗan wannan, ki karɓa da fara'a ki tambaye shi wa yake so ya ba. Ashirin ɗin da ya cire da kansa ta fi ɗari biyar ɗin da kika matsa masa ya fitar yana hawaye.

Babbar sallah ita ma makaranta ce guda. A wajenmu ranar yanka kayan ciki ake fara soyawa, ragon ya kwana a rataye, washegari a sassara a yi rabo, a Nijar kuma irin su Yamai tsire ragunan ake yi a jikin itace a kewaye wuta su gasu, su ma washegari ake rabon. Ko ta yaya kuke yi, yara su kasance a wurin lokacin kasawa. Allah Ya ce a Suratul Hajji a ci daga naman a ciyar da mabuƙaci, da yawanmu muna kasa shi uku, na gida, na 'yan uwa da abokan arziki, na sadaka, ba dole sai an auna a sikeli ba. Abin lura shi ne me ke shiga kason sadakar, don abin da ake yi a gidaje da yawa cinya da ƙafar gaba su tafi gidan surukai da gidan Alhaji wane da shi ma ya yanka raguna uku, talaka kuma a ƙulla masa ƙashi da kitse da jijiya. Ki ba yaron ledojin ki ce kowace leda sai an sa tsoka, shi zai zama mai duba miki, kuma yara ba sa ha'inci a irin wannan, in kika manta za su tuna miki da ƙarfi ma. Ku zauna tun ana gobe ku lissafo gidajen da ba su yi yanka ba, su za a fara kai wa tun naman yana da yawa. A faɗa musu kuma ba a sayar da komai na layya har fatar, kuma mahaucin da ya yi fiɗa kuɗi ake biyansa ladan aikinsa ba nama ba, in an ba shi nama kyauta ce daban.

In yaro ya ga naman yana ta fita ya ɓata rai ya ce zai ƙare, akwai labarin da nake ba su. An yanka akuya a gidan Annabi (SAW) aka yi ta rabawa, da ya tambaya me ya rage Nana A'isha ta ce babu abin da ya rage sai kafaɗa, sai ya ce duk ta rage sai dai kafaɗar. Manyan cikinsu suna ganewa nan take, ƙananan kuma sai kin ɗan warware musu cewa wanda aka bayar shi ne aka ajiye a wurin Allah. Sannan ki tabbatar kin ware musu nasu soyayyen da za su ci su ƙoshi, yaron da aka hana shi aka ba na waje ba zai so rabon ba.

Yanzu ga wanda ya fi min muhimmanci duk a ciki, mutuncin wanda ake ba. Yaro zai iya koyon bayarwa ya haɗa da raina mutane, kuma wannan ya fi rowa muni. Ki saurari bakinsu, in kika ji yaro ya ce wa ɗan maƙwabta ai rigata ce a jikinka, ko mu muka ba ku shinkafa, ki kira shi gefe a ranar ba sai gobe ba, ki gaya masa abin da aka bayar ya tashi daga namu, kuma Allah Ya ce kar mu ɓata sadakarmu da gori da cutarwa. Dabara ɗaya, kwancen kaya a kai shi nesa kaɗan inda yaran ba sa wasa tare, ko a ba uwar a ɓoye. Mu manya ma mu duba kanmu, in ana rabo ana ɗaukar hoton mutane ana ɗorawa a Facebook da WhatsApp, ko baƙo ya zo ki ce zo ka faɗa wa Anti nawa ka ba almajiri, to kin koya masa yi don a gani. Yabo ki yi masa ku biyu, ki ce na ga abin da ka yi, Allah Ya karɓa.

Almajiri kuma yana da suna. Ki tambaye shi sunansa da garinsu a gaban yaranki, su riƙa kiransa da sunan, ba kai almajiri zo nan ba. Abin da za a zuba masa ranar sallah ya zama daga tukunyar da kuka ci, da namansa, ba na jiya da ya fara tsami ba, kuma yaro ya sa masa a roba da hannu biyu ba ya tsaya daga nesa ya juye ba. Sau da yawa sa'an ɗanki ne fa, shekara bakwai ko takwas, yana sallah babu uwarsa a kusa.

Wata za ta ce ni da ko kaza ban yanka ba me zan koya musu? Annabi (SAW) ya ce kar maƙwabciya ta raina abin da za ta ba maƙwabciyarta ko da kofaton akuya ne. In an aiko muku da nama daga gida biyar, ki cire 'yan yanka uku ki ba yaro ya kai wa tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a layinku. In ma babu, ƙarfinsu sadaka ne, su je su share mata tsakar gida ana gobe sallah, su ɗebo mata ruwa, 'yan mata su taya wata kitso ko ƙunshi, samari su kama hannun makaho su kai shi filin idi. Kuma ki koya musu karɓa ba tare da jin ƙasƙanci ba, a ce an gode Allah Ya saka da alheri, ba a buɗe leda a gaban wanda ya kawo, ba a kushe abin da aka samu.

Kar ki sa ran gani a sallah ɗaya. Yaron nan nawa sai da aka yi sallah biyu ina haƙuri, ina tambayarsa kafin in taɓa kayansa, ina mayar masa da ajiyarsa cif-cif, sannan ya daina cusa abu a ƙarƙashin katifa, yanzu shi ke riƙe mudu in babansu zai auna zakka. Bayan sallah kuma ki zaɓi rana ɗaya a mako, mu Juma'a muke yi, ko biskit ɗaya ne yaro ya fita da shi ya ba wani kafin a tafi masallaci. Asusun da aka fasa a sayo wani tun cikin satin sallar, kafin kuɗin barka da sallah ya ƙare a wurin mai balan-balan da mai alewa.